Gyaran misalan fom a kundin Django da muke koyarwa da shi

Malam Aminu, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kwashe makon nan ina bitar kundin bayanin da muka rubuta da Hausa don masu koyon Django, wato tsarin gina shafukan intanet da harshen Python, musamman babin samfuran shafi, kuma ina so in gabatar muku da abin da na tarar a sashen fom kafin sababbin ɗalibai su fara karatu a wata mai kamawa. Misalan da ke wurin ba hannu ɗaya ne ya rubuta su ba, ba kuma a lokaci ɗaya ba, shi ya sa kowanne ya kama gabansa. A shafi ɗaya an zuba fom cikin tebur, a shafi na gaba an kira as_p, salon da ke sa kowane gurbi a sakin layinsa, a wani kuma an rubuta kowane gurbi da hannu ba tare da an ɗaura masa lakabi ba. Wasu misalan sun bar sifar action, mai faɗin adireshin da fom zai aika bayani, babu komai a cikinta, wasu sun sa mata ɗigo, wasu ba su kawo ta ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne misalai biyu da ke aika bayani ta POST amma babu csrf_token, alamar tsaron fom, a cikinsu.

Dalilin da ya sa ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba shi ne, duk wanda ya taɓa zama da ɗalibai ya san cewa sakin layi uku na bayani ba ya shiga kansu kamar yadda misali ɗaya yake shiga. Ɗalibi yakan tsallake bayanin, ya je ga akwatin misalin, ya kwafe shi kamar yadda yake, ya kai shi aikinsa na farko, daga nan ya kai shi aikin da za a biya shi kuɗi. Don haka duk abin da muka bari a misali, mun koyar da shi ke nan ko da ba mu yi niyya ba. Shawarata ita ce mu tsayar da siga ɗaya ta rubuta fom, mu bi duk babin mu daidaita shi da ita.

Injiniya Bashir, Barnawa

Wa alaikumus salam Malam Aminu, Allah ya saka da alheri bisa wannan bita. Batun csrf_token babu jayayya a kansa, kuskure ne kuma a gyara shi yau. Amma sauran ina da ja a kansu. Waɗannan misalan duk suna aiki, na gwada mafi yawansu da kaina lokacin da aka rubuta su, kuma burauza ba ta ƙi ko ɗaya ba. Mutanen da ke rubuta wannan kundi ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kowa kuma yana da aikin da yake ci da shi, alhali har yanzu ba mu rubuta babin ɗora manhaja a kan saba ba, wanda shi ne ɗalibai suka fi tambaya. Ina ganin ɓata makonni wajen goge layi da ɗigo, a lokacin da babi sukutum yake jira, bai dace da ƙarancin hannun da muke da shi ba.

Sannan tebur yana da masu so. Yawancin ofisoshin da nake yi wa aiki sun saba da fom na takarda, lakabi a hagu, gurbi a dama, kuma haka suke so su gani a allo. Tebur yana ba da wannan ba tare da ɗalibi ya san CSS ba.

Malam Aminu, Unguwar Rimi

Injiniya, a kan cewa duk suna aiki ne nake so in tsaya, domin gaskiya ce a lokacin da ka gwada, amma yanzu ba haka ba ne. Misalinmu na farko yana buɗe alamar table, ya kira form kawai a ciki, ya rufe. Wannan daidai ne a da, saboda tsawon shekaru Django idan aka kira fom ba tare da an faɗi salo ba, layukan tebur yake fitarwa. A fitowa ta 4.1, cikin watan Agusta na 2022, aka ƙara as_div, salon da ke sa kowane gurbi cikin alamar div, sannan a fitowa ta 5.0, cikin Disamban 2023, aka mayar da shi salon asali. Ma'ana, ɗalibin da ya saukar da Django yau ya kwafi misalinmu, abin da zai samu shi ne alamomin div a tsakiyar tebur, wurin da ƙa'idar HTML ba ta yarda da su ba. Burauza ba za ta yi ƙorafi ba, sai dai ta ciro su ta ajiye a gaban teburin, ta bar teburin fanko. Fom zai bayyana, amma duk adon da aka yi wa teburin ba zai taɓa shi ba, ɗalibi kuma zai kwana yana neman laifin a CSS ɗinsa alhali laifin a kundinmu yake.

Wanda kuma yake kan 4.2, kamar yadda ayyuka da yawa suke saboda fitowa ce mai dogon tallafi, idan muka cire teburin muka bar form tsirara, shi zai samu layukan tebur ba tare da tebur ba. Shi ya sa nake ba da shawarar kowane misali ya faɗi salonsa a fili, wato form.as_div, domin wannan yana ba da abu ɗaya tun daga 4.1 zuwa sama.

Malama Hauwa, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina goyon bayan Malam Aminu, amma dalilina ya bambanta da nasa, kuma ina roƙon Injiniya ya ba ni kunne. Ƙanwar mahaifiyata ta rasa ganinta shekaru da suka wuce, kuma da TalkBack, manhajar da ke karanta allo da murya, take sarrafa wayarta, tana aika saƙo, tana sauraron karatu, ba ta neman taimakon kowa. A bara ta so ta cike wa jikarta fom na shiga wata makaranta, ta kira ni tana cikin damuwa, domin duk gurbin da ta taɓa, wayar ba ta gaya mata komai sai cewa akwatin rubutu ne. Ba ta san wanne ne na suna ba, wanne ne na ranar haihuwa. Da na buɗe asalin shafin sai na ga an rubuta sunayen guraben a matsayin rubutu zalla a cikin ɗakunan tebur, babu alamar label ko ɗaya. Mai ido yana ganin kalmar tana kusa da akwatin sai ya haɗa su da kansa, amma manhajar karanta allo ba ta san kusanci ba, abin da ta sani shi ne sifar for ta lakabi ta yi daidai da id na gurbi. Misalinmu na rubuta gurbi da hannu irin wannan fom ɗin ne sak, kuma ban san ɗalibai nawa suka riga suka kwafe shi ba.

Akwai kuma abin da as_div yake yi wanda sauran salon ba sa yi. Idan tambaya tana da zaɓi da yawa da aka jera a fili, irin radio ko checkbox, misali a zaɓi namiji ko mace, ko a zaɓi hanyar biyan kuɗi, yana tattara zaɓuɓɓukan cikin fieldset, ya sa tambayar a legend. Da haka mai sauraro zai ji tambayar kafin ya ji amsoshin, maimakon ya ji "e" da "a'a" ba tare da ya san abin da ake tambayarsa ba. Wannan shi ne dalilin da masu Django da kansu suka bayar wajen fifita shi a kan as_table da as_p da as_ul. A 5.0 sun ƙara haɗa rubutun taimako da gurbinsa ta aria-describedby, gurbin da aka cike ba daidai ba kuma yana samun aria-invalid. Duk wannan ɗalibi zai same shi kyauta idan misalinmu ya bar Django ya yi aikinsa, zai kuma rasa shi duka idan ya bi misalinmu na hannu yadda yake a yanzu.

Game da lakabi a hagu da gurbi a dama, layi uku ko huɗu na CSS sun isa su ba da shi, kuma a waya, inda mafi yawan mutanenmu suke cike fom, tebur mai ginshiƙi biyu matse gurbin yake yi har mutum bai ganin abin da yake rubutawa.

Yusuf, Rigasa

Assalamu alaikum malamai. Ni ɗalibi ne daga rukunin da ya gama kwanan nan, ina neman izini in yi tambaya. Na fuskanci matsalar csrf_token da Malam ya ambata, shafi ya riƙa ba ni kuskure mai lamba 403, kuma da na rasa yadda zan yi sai na sa shi a kowane fom da nake da shi, har da akwatin bincike. Shin hakan daidai ne? Sannan ban gane laifin barin action babu komai ba, tunda ni ma haka nake yi kuma yana aiki.

Hajiya Rabi, Malali

Yusuf, tambayarka ta yi kyau, kuma ta nuna abin da kundin ya kasa faɗa. Alamar csrf_token tana sa ɓoyayyen gurbi mai ɗauke da wata lamba ta sirri, wadda saba take dubawa don ta tabbatar cewa buƙatar daga shafinka ta fito, ba wani shafi ne ya yaudari burauzar mutum ta aika a madadinsa ba. Ana buƙatarta a fom mai canza wani abu, wato mai POST, wanda kuma yake komawa ga shafinka. Akwatin bincike da GET yake tafiya, kuma duk abin da ke cikin fom mai GET a adireshin shafi yake bayyana, saboda haka lambar sirrin za ta fito a adireshi, ta zauna a tarihin burauza, ta bi duk wanda aka tura wa mahaɗin. Ka cire ta daga nan. Haka nan ba a sa ta a fom da ke aika bayani zuwa shafin wasu, domin ka miƙa musu lambar ke nan. Malam Aminu, ina ganin wajibi ne babin ya kawo misalin GET ɗaya kusa da na POST, don a ga bambancin da ido.

Batun action kuwa, ƙa'idar HTML ta ce idan an kawo sifar to dole ta ƙunshi adireshi, ba a barin ta fanko. Idan kana so fom ya koma shafin da yake, sai ka bar sifar gaba ɗaya. Ɗigon da wasu suke sawa kuma ba shafin da kake yake nufi ba, babban fayil ɗin adireshin yake nufi, saboda haka idan adireshin bai ƙare da karkataccen layi (/) ba, bayanin wani wuri zai tafi, kuma ko ya ƙare da shi, abin da ke bayan alamar tambaya a adireshin zai zube. Idan wani shafi ake nufi, a yi amfani da alamar url ta samfuri a kira shi da sunansa.

Tunda an buɗe babin, ina da nawa ƙorafin, wanda a wurina ya fi na tebur nauyi. Misalinmu na rajista ya ɗauki lambar waya a matsayin IntegerField. Lambobin wayarmu guda 11 ne kuma da sifili suke farawa, idan aka mayar da su adadi sifilin ya tafi, a adana lamba 10. Na taɓa karɓar wani aiki da aka yi haka, sai da muka bi bayanan mutane muna mayar da sifili kafin a iya tura musu saƙo. Lambar waya da NIN da BVN ba adadi ba ne da ake tarawa ko ragewa, suna ne da aka rubuta da lambobi, don haka CharField ya dace da su. Ga waya a sa nau'in tel, ga NIN a sa inputmode ya zama numeric, sai wayar mutum ta buɗe masa allon lambobi ba tare da an taɓa sifilinsa ba. Na biyu, misalin ɗora hoton fasfo ba shi da enctype na multipart/form-data, kuma idan babu shi sunan fayil kawai burauza take aikawa, hoton bai zuwa, fom ya yi ta cewa ba a zaɓi komai ba.

Injiniya Bashir, Barnawa

Na karanta duka, kuma na janye maganata ta cewa misalan suna aiki. Na buɗe misalin teburin a kan 5.2 yanzu, abin da Malam Aminu ya faɗa shi na gani. Malama Hauwa, labarin innarki ya isa hujja, Allah ya ƙara mata lafiya.

Sai dai akwai inda ban sauka ba. Idan muka mayar da kowane misali layi ɗaya na as_div, za mu yaye ɗalibai da ba su taɓa ganin cikin fom ba. Ranar da mai aiki ya ce a sa suna da sunan mahaifi a jere ɗaya, a raba bayanan waliyyi a wani sashe, a sa jerin ƙananan hukumomi 23 na jiharmu ta Kaduna a ƙarƙashin adireshi, layi ɗaya ba zai yi ba, dole ɗalibi ya rubuta da hannu. Idan ba mu koya masa yadda ake yi daidai ba, zai je ya kwaso daga wani tsohon shafi a intanet, mu koma gidan jiya. Don haka ni ban yarda a goge misalin hannu ba, a gyara shi ne, kuma a ba shi wuri mai faɗi.

Malama Hauwa, Tudun Wada

Amin, na gode Injiniya. A wannan ina tare da kai, amma da sharaɗin misalin hannun ya cika, domin rabin misali ya fi rashinsa illa. Wanda ya rubuta fom da hannu ya ɗauki nauyin duk abin da Django yake yi masa a ɓoye. Dole ya fitar da non_field_errors a sama, in ba haka ba kuskuren da bai shafi gurbi ɗaya ba, kamar kalmomin sirri biyu da ba su yi daidai ba idan an duba su a matakin fom, ba zai taɓa bayyana ba, mutum ya yi ta danna maɓalli shafi yana dawo masa shiru. Dole ya fitar da ɓoyayyun gurabe ta hidden_fields. Dole kowane gurbi ya zo da lakabinsa ta label_tag, ko a rubuta label da hannu a cika for da id_for_label, sannan kurakuransa da rubutun taimakonsa. Kuma a faɗa a fili cewa rubutun inuwa da ake sawa cikin akwati, wato placeholder, ba ya maye gurbin lakabi, tunda yana ɓacewa da zarar an fara rubutu, dattijon da aka katse shi da magana ya dawo bai san abin da ake nema a gurbin ba.

Ga masu 5.0 zuwa sama akwai hanya ta tsakiya, as_field_group, wadda take fitar da lakabi da gurbi da taimako da kuskure na gurbi ɗaya a dunƙule, kai kuma ka jera su yadda mai aikin yake so. Ina ganin ita ce amsar mafi yawan abin da Injiniya ya kwatanta. Sai a rubuta a gefenta cewa babu ita a 4.2.

Malam Idris, Kawo

Assalamu alaikum. Ni ba gwanin Django ba ne, gyaran Hausar kundin aka ɗora mini, amma akwai abu biyu da suka shafi ɓangarena. Na farko, lakabobin misalan a cakuɗe suke, wani da Hausa, wani da Turanci, wani kuma Hausa ce amma an rubuta karamar hukuma da dan kasa babu ƙugiya. Idan ɗalibi ya ga kundin da kansa yana gudun ƙ da ɗ da ɓ, zai ɗauka kwamfuta ce ba ta iya su ba, alhali UTF-8 tana ɗauke da su duka. Ina roƙon samfurin tushe da duk misalan suke gado daga gare shi ya bayyana charset ɗinsa, ya kuma sa lang ya zama ha, sannan a sa sunan gwaji mai ƙugiya a misali ɗaya aƙalla, don ɗalibi ya ga harafin ya shiga rumbun bayanai ya dawo lafiya.

Na biyu, mu tsayar da kalma. A babi ɗaya an kira abu ɗaya gurbi, an kira shi fili, an kira shi akwati. Ni gurbi na zaɓa, domin shi ne abin da ake cikewa, kuma kowa ya san cike gurbi tun daga firamare.

Malam Aminu, Unguwar Rimi

Na karɓi duka biyun, Malam Idris. Saura batun karkataccen layin da ake rufe input da br da shi, wanda Injiniya ya kira goge layi. Gaskiya ne ba ya ɓata komai a HTML, burauza watsi take yi da shi. Amma Django ya daina fitar da shi tun 2.1 a 2018, don haka ɗalibin da ya duba asalin shafinsa zai ga guraben da Django ya fitar babu layin, namu kuma da shi, ya fara tunanin akwai wata hikima a bambancin. Tunda za mu taɓa kowane misali, a cire shi a tafiya ɗaya, ba zai ci minti goma ba.

Ga yadda nake ganin rabon aikin. Ni zan ɗauki misalan as_div da samfurin tushe. Injiniya da Malama Hauwa su rubuta misalin hannu da na as_field_group. Hajiya ta gyara fom na rajista da na ɗora hoto, ta ƙara misalin GET. Kafin a haɗa kowane gyara, a fitar da shafin a saka shi a manhajar tantance HTML ta W3C, a gwada shi a kan 4.2 da 5.2, sannan a saurare shi da manhajar karanta allo ta NVDA a kwamfuta ko TalkBack a waya. Yusuf, kai nake so ka zama mai gwaji na ƙarshe, ka kwafi kowane misali kamar yadda sabon ɗalibi zai yi, ba tare da ka gyara komai ba, ka gaya mana inda ya tsaya.

Injiniya Bashir, Barnawa

Na amince da rabon. Abu ɗaya nake roƙo, kada a shafe as_table daga kundin gaba ɗaya. Ɗalibanmu za su gaji tsofaffin ayyuka da aka gina da shi, kuma akwai wurin da tebur yake da gaskiya, kamar jerin kayan shago da ake shigarwa layi bayan layi, kowane layi da suna da adadi da farashi, domin wannan bayani ne mai layuka da ginshiƙai tun asali. A mayar da shi ƙarshen babin, a rubuta form.as_table a fili, a kuma nuna cewa alamar form ce take kewaye table, ba a cusa ta tsakanin table da layukansa.

Hajiya Rabi, Malali

Ban ƙi a ajiye shi a ƙarshe ba, amma jerin kayan shagon da ka kawo ba as_table ne yake yin sa ba, tunda shi kowane gurbi layi guda yake ba shi, lakabi da akwati. Abin da ka kwatanta formset ne, wato fom iri ɗaya da ake maimaitawa a shafi ɗaya, kuma teburinsa da hannu ake rubutawa, tare da management_form a samansa, wanda idan aka manta shi fom ɗin ba zai inganta ba. Wannan ya cancanci sashe nasa, kuma ba mu da shi a kundin ko kaɗan. Zan fara da fom na rajista a daren nan in sha Allah, in turo wa Yusuf ya gwada da lambar wayarsa. Injiniya, idan kana da tsohon aikin da ke da irin wannan jerin kaya, ka cire bayanan mutane daga ciki ka turo mini samfurin, in ga ko za a iya rage shi ya zama misalin sashen.